Sauya Giyar Keke: Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Shiga?



Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabarsa a titunanmu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikaci ya jingine babur, malamin makaranta ya janyo tsohon kekensa daga zaure ya kakkaɓe, masu sayar da kekunan gwanjo suka ga ciniki. Galibin waɗannan kekuna na gwanjo masu giya ne, kuma tare da su wata tambaya ta shigo rumfunan masu gyara: in na cire giyar da keken ya zo da ita na sa mai tsada, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsata ita ce, ga yawancinmu a'a. Amma akwai wuraren da kuɗin ke aiki sosai, kuma abin takaici, ba nan mutane suka fi zuba shi ba. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna a kan maganar yau.

Mu fara da aikin giya kanta, domin a nan ake fara ruɗuwa. Giya ba ta ƙara wa mutum ƙarfi ko ƙwayar zarra. Ƙarfin da ke cinyarka shi ke nan, ita dai rarraba shi take yi. Ɗauki keken da muka taso muka gani, irin su Raleigh da Phoenix, masu giya ɗaya tal. Mu ce faifan gaba, wanda feda ke juyawa, yana da haƙora 44, na baya kuma 18. Duk juyin feda ɗaya, ƙafar baya za ta juya sau biyu da kusan rabi. Taya mai inci 28 kewayenta ya kai mita 2.2, ka ga kenan kowane juyi yana kai ka mita biyar da 'yan kai. Cire faifan bayan nan ka sa mai haƙora 22. Yanzu ƙafar sau biyu cif za ta juya, ka ci mita huɗu da kusan rabi, amma nauyin fedar ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ka rage nisa, ka sami sauƙi. Duk giyar duniya, daga ta keken yara har ta 'yan tseren Faransa, a kan wannan lissafi take tafiya. Faifai mai haƙora 22 na araha da na tsada, nisa ɗaya za su kai ka.

To me ake saye da tsadar? Kamfanoni uku ne suka fi suna a wannan sana'a. Akwai Shimano na Japan, wanda aka kafa a garin Sakai a 1921. Akwai Campagnolo na Italiya, tun 1933 a garin Vicenza. Sai SRAM na Amurka, da ya fito daga Chicago a 1987. A kasuwanninmu Shimano ne ya mamaye, shi za ka gani rubuce a jikin mafi yawan kekunan gwanjo. Kamfanin ya jera kayansa hawa-hawa. A ɓangaren kekunan daji da na zirga-zirga akwai Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, har a kai XT da XTR a ƙoli. A ɓangaren kekunan tsere na kwalta akwai Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, sai Dura-Ace. Duk hawan da ka ƙara, kaya na rage nauyi, sauyin giya na ƙara santsi, faya-fayan baya na ƙara yawa, kuɗi kuma na tashi. Sai dai tashin kuɗin da ƙaruwar amfanin ba tare suke tafiya ba. A ƙasa, ɗan ƙarin kuɗi na kawo babban bambanci. A sama, kana ninka kuɗi ne don abin da sai an ɗora a sikeli ake ganinsa.

Tsakanin cikakken kayan 105 da na Dura-Ace, bambancin nauyi wajen rabin kilo ne, alhali farashin ya ninka ko ya fi. Rabin kilo, jama'a, nauyin ledar fiyawata ɗaya ne. Mutum mai kilo 70, a kan keke mai kilo 14, da jaka mai kilo 6, jimilla kilo 90 yake turawa. Rabin kilo a cikin 90 kusan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Ko da zai yi awa guda cur yana hawan tsauni, abin da zai rage bai wuce daƙiƙa ashirin ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano zuwa Wudil, ko wannan ba zai gani ba, domin a can iska ce ke riƙe shi da taya, nauyi ba shi da wani tasiri. Ɗan tseren da ake raba shi da abokin karawarsa da faɗin taya, daƙiƙa ashirin a wurinsa dukiya ce. Mai zuwa sakatariya da safe fa, me zai yi da ita?

Kuma a tuna, sai a 1937 aka yarda 'yan tseren Tour de France su yi amfani da giyar da ake sauyawa ana tafiya. Kafin nan, in sun iso gindin dutse, sauka suke yi su kwance ƙafar baya su juya ta, domin kowane gefe da faifansa. Eddy Merckx ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya ci gasar sau biyar tsakanin 1969 da 1974, da faya-fayai biyar ko shida a baya ya yi, a kan keken ƙarfe. Keken gwanjon da ɗalibi ke hawa yau a Zariya mai faya-fayai bakwai ya fi na Merckx yawan giya, kuma ya fi shi sauƙin sauyawa. Dalili kuwa, fasahar da Shimano ya fito da ita a 1984 a kan kayansa mafi tsada, wato maɓallin da ke yin ƙas ya ajiye sarƙa daidai kan faifai, tuni ta gangaro zuwa kayansa mafi araha. Haka aka saba a wannan sana'a: abin da ke ƙoli yau, bayan 'yan shekaru yana hannun kowa.

Akwai kuma maganar yawan giya, wadda ita ce ke ɗaukar hankalin samari. Za ka ji yaro na cewa nawa giya 21 ne, ina so in mayar da shi 27. Ashirin da ɗayan nan faya-fayai uku ne a gaba sau bakwai a baya, kuma da yawansu maimaici ne. A irin jerin da aka fi gani, faifan gaba mai haƙora 28 da na baya mai 14 suna ba da juyi biyu. Faifan gaba mai 48 da na baya mai 24, su ma juyi biyu. Giya ɗaya ce ta fito sau biyu. Wasu haɗe-haɗen kuma karkatar da sarƙa suke yi ta riƙa gurzar ƙarfe, masana ma cewa suke a guje su. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: giyata mafi sauƙi ta ishe ni hawan da ke hanyata? Mafi nauyi kuma ta ishe ni gudun da nake yi? In amsar e ce, ƙarin faya-fayai a tsakani jin daɗi ne kawai.

Sannan ga tarkon da ba a faɗa wa mai saye sai ya shiga. Kayan giya a ɗaure suke da juna. In ka ce za ka tashi daga faya-fayai bakwai zuwa goma, faya-fayan sun fi matsuwa, don haka sai sabuwar sarƙa mai siriri. Maɓallin da ke hannu yana jan waya ne daidai da tazarar bakwai, shi ma sai an sauya. Ƙarfen da ke ɗauke sarƙa a baya, galibi shi ma. Sai ka zo kan ƙafar baya ka tarar faya-fayan irin na murɗawa ne, waɗanda ake ɗaurawa kamar noti, alhali na goma zura su ake yi a kan wata irin cibiya daban. To sai sabuwar cibiya, ko sabuwar ƙafa ɗungurungum. Wani lokacin ma faɗin firam ɗin a baya ba zai karɓa ba, domin tsofaffin kekuna milimita 126 ne, na baya-baya 130 ko 135. Kafin ka farga ka kashe abin da zai saya maka wani keken gwanjo mai kyau, wanda ya zo da kayan a haɗe tun daga masana'anta. Kamfanin da ke haɗa keke dubbai yake sayen kayan nan a kan sari. Kai ɗaya-ɗaya kake saye, kuma da canjin dala na yau.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne ƙasarmu da yanayinta. Sarƙar giya bakwai ko takwas faɗinta ya haura milimita 7. Ta giya goma sha ɗaya ba ta kai 6 ba. Faya-fayan su ma sun fi siranta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce, ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya rikita sauyi. An ƙera waɗannan kaya ne da tunanin mai keken da ke wanke shi a kai a kai, wanda shagon kayan gyara ke kusa da gidansa. Mu kuwa muna da hunturu, watanni ana zuba ƙura. Muna da rairayin Maraɗi da Damagaram da Gumel. Muna da damina da ke mayar da lungu taɓo. In sarƙar giya bakwai ta tsinke maka a kasuwar ƙauye, da wuya ka rasa mai gyaran da zai haɗa maka ita ka isa gida. In ta goma sha ɗaya ce, sai dai ka tura keken, ka jira a aiko maka daga birni, wani lokacin daga wajen ƙasa.

Akwai wani labari da nake so masu sauraro su riƙe. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin SRAM, F.K. Day, shi ne tare da matarsa suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005, bayan ambaliyar tsunami da ta auka wa ƙasashen tekun Indiya. Daga Siri Lanka suka zo Zambiya, suna raba kekuna ga ma'aikatan lafiya da 'yan makaranta. Mutumin da arzikinsa daga sayar da giyar keke ya fito, da ya ga hanyoyin karkarar Afirka da irin kayan da ake ɗora wa keke, abin da ƙungiyarsa ta ƙera shi ne keken da ake kira Buffalo: ƙarfe mai kauri, kariyar da ke ɗaukar kilo 100, da giya ɗaya. Sun san giya ciki da bai, suka ga cewa a inda kayan gyara ke wuya, abin da ba ya lalacewa ya fi abin da ke da santsi.

To ina kuɗin ke aiki?

Wuri na farko, kuma mafi girma, shi ne gyaran abin da kake da shi. Mafi yawan masu cewa giyarsu ba ta da kyau, giyar lafiyarta ƙalau, kulawa ta rasa. Wayar da ke tafiya daga maɓalli zuwa baya ta yi tsatsa a cikin rigarta, ta daina zamewa. Ɗan kunnen ƙarfen da aka rataye giyar baya a jikinsa ya lanƙwashe, saboda keken ya faɗi ta dama, ko an danne shi a cikin kwantena tun daga Turai. Wannan kunne in ya karkace, ko XTR ka ɗaura a kai tsalle sarƙar za ta riƙa yi. Mai gyaran da ya san aikinsa zai miƙe shi, ya sa sabuwar waya, ya daidaita 'yan kusoshin nan biyu da ke hana sarƙa zarcewa, sai ka ji kamar an sauya maka keke. Kuɗin duka bai kai na sarƙa ɗaya mai tsada ba.

Sai ita sarƙar. Sarƙa na cinyewa daga ciki, a jikin 'yan sandunan da suka haɗa ta, sai ta ƙara tsawo. Da ta ƙara tsawo ta daina zama daidai a kan haƙora, ta fara cin su. Gwajin ba ya buƙatar wani inji, rula ta isa. Tazarar kowace sanda da ta kusa da ita rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa, in ka ɗora rula a tsakiyar sanda ɗaya, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata sandar. In ta zarce da kashi ɗaya cikin sha shida na inci, lokacin sauya sarƙa ya yi. In ta kai ɗaya cikin takwas, ka makara, faya-fayan baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu. Wanda ke sauya sarƙa a kan kari, jerin faya-fayai ɗaya zai iya cinye masa sarƙa biyu ko uku. Wanda ya bari sai ta tsinke, komai zai saya a tare.

A nan dole in yi magana a kan baƙin mai. Na san shi ne a kusa, kuma kusan kyauta ne a wurin bakanike. Amma baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe, kuma yana da danƙo, duk ƙurar hanya sai ta manne. Mai da yashi in suka haɗu a cikin sarƙa, gurza suke yi dare da rana. A wanke sarƙa da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mai mai tsabta kaɗan a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma har sai ta kusa bushewa. Man da ke aiki na ciki ne. Sarƙa mai tsabta tana isar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙarfin ƙafarka zuwa taya, ko ta araha ce ko ta tsada.

Wuri na biyu shi ne inda giyar ba ta dace da hanyarka ba. Mutumin Jos, ko na Mambila, ko mai hawan tudun Abuja kullum, in yana miƙewa tsaye a kan feda yana nishi, gwiwa na ciwo, to lallai yana buƙatar sauyi. Amma abin da zai saya faifai mai faɗi ne, ba suna mai tsada ba. Jerin baya da aka fi gani yana ƙarewa ne a haƙora 28. Shimano na da wani jerin bakwai mai araha da ke ƙarewa a 34, ana rubuta Megarange a jikinsa. Wannan kaɗai zai sauƙaƙa giyarsa ta ƙarshe da kusan kashi 18 cikin ɗari, muddin ƙarfen giyarsa na baya mai dogon hannu ne da zai iya kaiwa. Haka mai keken giya ɗaya da ke dakon jarkokin ruwa, ko buhun masara, ko itace: ya bar faifai mai 18 ya koma mai 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa. Sauyi ne na ɗan kuɗi kaɗan, kuma gwiwarsa za ta shaida tun ranar farko. Ni a wurina babu wani gyaran giya da ya kai wannan riba, kuma shi ne wanda ba a cika yi ba.

Wuri na uku, keken da ya zo da giya marar suna, irin ta gwangwani, wadda kana iya lanƙwasa ta da yatsa, ko an daidaita ta yau gobe ta kwance. Wannan a cire ta a sa Tourney ko Altus ko Acera na gaske, masu yawan faya-fayai daidai da na da. A nan ne ɗan ƙarin kuɗi ke kawo babban bambancin da na faɗa. Na ce na gaske, domin jabu ya yi yawa, har kamfanin Shimano da kansa ya sha gargaɗi a kan sarƙoƙin jabu da ake sayarwa da sunansa, musamman ta intanet. Sau da yawa tsohon Deore da aka kwance daga keken gwanjo, in haƙoransa ba su cinye ba, ya fi sabon da ke cikin kwali mai sheƙi wanda ba a san asalinsa ba. Ka je da mai gyaran da ka yarda da shi, ka ce masa: Malam, duba mini haƙoran nan da 'yan faya-fayan roba, ka girgiza ka ji ko akwai lako-lako. Shi ya san abin da yake nema.

Ban manta da matasanmu masu tsere ba, waɗanda suka kalli Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024, suka ji a ransu su ma za su iya. Allah Ya ba su sa'a, ina tare da su. Wanda ke atisaye da gaske, yana shiga gasa, yana sauya giya a tsakiyar gudu da dukkan ƙarfinsa a kan feda, shi kam Tiagra ko 105 za su yi masa amfani na zahiri, domin tazarar giya ƙanana na ba shi damar riƙe juyin ƙafarsa ba yankewa. Amma ko shi, ya tsaya a nan har sai wata ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Giyar lantarki da Shimano ya fito da ita a 2009, mai batir da ake caji, abin sha'awa ce, sai dai kuɗinta zai ciyar da ɗan tsere abinci mai gina jiki na tsawon lokaci, ya saya masa tayoyi masu kyau, ya kai shi gasa a wata jihar.

Akwai kuma wanda zai ce, ni kuɗina ne, keken nan shi ne abin sona, ina jin daɗin ƙas ɗin nan mai laushi. Wannan hujja ce, ban raina ta ba. Mutum na kashe kuɗi a kan doki da sirdinsa, a kan tattabaru, kuma duk abin da zai sa ka hau keke kullum ya taimaki lafiyarka. Ya dai saya da saninsa cewa daɗi yake saye, kada mai shago ya ce masa gudu ne. Kuma ya yi haƙuri har kayan jikin keken su cinye, tunda dole ne a sauya su a lokacin, sai ya hau mataki ɗaya. Ta haka bambancin farashi kawai ya biya.

Wanda kuma ke da 'yan kuɗi a hannu yau, giyarsa na aiki, yana tambayar inda zai sa su: ya fara da birki, domin robar birki da ta cinye ita ce ke kai mutum asibiti. Sai tayoyi masu kauri da ƙaya ba ta huda su da sauƙi, da famfon kansa, domin taya mai ƙarancin iska na cin ƙarfi fiye da duk bambancin da ke tsakanin giyar araha da ta tsada. A sa giris a boris, a daidaita tsawon sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. A sayi fitila ta gaba da ja ta baya, saboda masu dawowa bayan magariba a titunan da babu haske, da kwado mai ƙarfi, tunda keke ya yi daraja ɓarayi ma sun sani. In da saura, a sayi sarƙa ta biyu a ajiye kafin farashinta ya sake tashi.